Taurin Bayan Gida: Abin da Tukunya Ke Iyawa da Ranar da Sai Likita

Wata safiya ta bazara a gidan kawuna a Mallawa, buta ta yi tafiya uku kafin hantsi. Tsohon ya ɗauke ta ya kewaya, ya daɗe, ya dawo yana share gumi da bakin rawani, ya zauna kan tabarma bai ce uffan ba. A ta ukun na kasa haƙuri.

"Kawu, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ɗana. Basir ne ya motsa."

Sai da na yi ta lallaɓa shi kafin ya fito da zancen. Kwana biyar rabonsa da bayan gida na kirki. Ya yi nishi ya yi nishi, abin da zai fito bai wuce ƴan guntaye masu tauri kamar kashin awaki ba. A tsakar gida kuwa Inna tana bakace geron da ta surfa, dusar na taruwa a bakin faifai, tana kakkaɓe ta cikin tsohuwar ƙwarya za ta jiƙa wa akuya. Akuyar ita ma ƙanana take yi, amma ban taɓa ganin ta tana nishi a kai ba.

Mu a nan, daga Magarya zuwa Dungas har tsallaken iyaka su Babura da Maigatari, kusan duk abin da ya taɓa mutum daga cibiya zuwa ƙasa sunansa basir. Ciwon ƙugu basir, kasala basir, kumburin ciki basir, har raunin namiji a shimfiɗa basir. Mai magani a kasuwa ya san haka, shi ya sa lasifikarsa ke jera cuta goma a kan kwalba ɗaya. A wurin likita kuwa basir abu ɗaya ne: jijiyoyin jini na bakin dubura da suka kumbura, wani lokaci su tsiro, wani lokaci su zubar da jini. Sau da yawa kuma ɗa ne, uwarsa taurin bayan gida. Wanda ya shekara yana yunƙuri a shadda shi ke kumbura jijiyoyin nan da kansa. In ana so a kashe maganar, daga uwar ake farawa.

Ba kowa ke zagayawa kullum ba, kuma ba dole ba ne. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, muddin abin na fita da laushi ba tare da kokawa ba. Taurin bayan gida shi ne mutum ya kasa kai sau uku a mako, ko ya riƙa fita da tauri sai an yi nishi, ko ka tashi kana jin da saura, ko har sai an taimaka da yatsa. A 1997 wasu likitoci biyu a garin Biristol na Ingila, Lewis da Heaton, suka wallafa wani ma'auni da ya kasa kashin ɗan Adam gida bakwai. Na ɗaya guntaye ne masu tauri, na biyu dunƙule mai ƙulu-ƙulu, waɗannan su ne na mai tauri. Na uku da na huɗu dogo mai laushi, shi ake nema. Na shida da na bakwai zawo ne. Ba sai ka haddace ba. Ka dai waiwaya ka duba kafin ka bar wurin, don shi ne abu na farko da likita zai tambaye ka.

Yadda abin yake a ciki ba shi da wuyar ganewa. Babban hanji tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne. Kowace rana ƙaramin hanji na zuba masa ragowar abinci ruwa-ruwa, wajen lita ɗaya da rabi, shi kuma aikinsa ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki. Abin da zai fita waje ruwan cikinsa bai cika kofi ɗaya ba. Kamar tubali ne a wurin shanya: gwargwadon daɗewarsa, gwargwadon taurinsa. Abin da ke hana shi daɗewa da bushewa shi ne harza, wato ɓangaren tsiro da cikinmu ba ya narkarwa. Iri biyu ce. Akwai mai kaushi, irin ta dusa da ɓawon wake da jijiyar ganye, wadda ke ƙara wa kashi auki ta sa hanji ya tura shi da wuri. Akwai mai yauƙi, irin ta kuɓewa da kuka da karkashi da lalo, wadda ke riƙe ruwa ta hana shi bushewa. Nama, ƙwai, madara, mai da sukari ba su da harza ko kaɗan. Ba laifi ba ne cin su, amma a wannan aikin ba su da hannu.

Wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila da ƙyar yake ganin su a ƙauyukan Afirka. A farkon shekarun 1970 shi da abokan aikinsa suka bi abin har da sikeli. Suka tarar mutumin ƙauye mai cin hatsi da wake da ganye yana fitar da fiye da giram 400 a rana, Bature mai cin farin burodi kuwa ɗan sama da giram 100, kuma nasa ya fi daɗewa a ciki nesa ba kusa ba. Turawa suka ɗauki darasi suka koma cin hatsi da dusarsa. Mu da aka koya daga wurinmu muka koma farar shinkafa da taliya da burodi da shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace. Wanda ya karya da burodi da shayi, ya ci taliya da mai da yaji da rana, ya kwana da shinkafa da miyar dage-dage, da wuya ya kai rabin haka.

A fara daga turmi

Na san dusa tana da mugun suna a ƙasar nan. Wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ya san gidan da aka kai ga cin dusa gida ne da rumbu ya ƙare. Don haka ba cewa nake a tuƙa tuwon dusa ba. Cewa nake a rage wa surfe ƙarfi. Mace mai son a yaba ta takan surfa gero ta wanke ta sake wankewa har ya yi fari tas, a kai inji, a dawo a tankaɗe da rariya mai laushi. A kowane mataki harza ce ke tafiya. Gero da fatarsa yana da harza kusan giram 10 a cikin kowane giram 100, dafaffiyar farar shinkafa kuwa ba ta kai rabin giram ba.

Ga yadda Inna ta koma yi, kuma bai ɓata mata tuwo ba. In za ta kai tiya uku niƙa, sai ta surfa biyu kamar yadda ta saba. Ta ukun ba ta surfa ba, sai ta sheƙe ta, ta rege tsakuwa, ta wanke sosai, ta shanya ta bushe ƙarau, ta haɗa su a niƙa tare. Tuwon ya ɗan yi duhu, ya ɗan fi kaushi, amma da miyar kuka babu wanda ya ture kwano. Tsakin da ya rage a rariya kuma ba na kaji ba ne, a yi fate ko dambu da shi. Sai dai a kiyaye abu uku. Garin da ba a surfa ba ya fi saurin yin ɗaci saboda man da ke cikin ƙwayar, don haka a niƙa na kwana biyu ko uku kawai. Hatsin da ya yi fumfuna ko ya sha maganin ƙwari a buhu ba a cin sa da fata. Dusar kasuwa kuma ta dabbobi ce, ba a san inda ta kwana ba. Gidan da gero ne abincinsa safe da dare ya riƙa amfani da gishiri mai aidin, don gero, musamman mai fata, yana iya jawo maƙoƙo in aidin ya yi ƙaranci.

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya, wake zan zaɓa. Ƙasarmu ƙasar wake ce, buhu-buhu ake lodawa ana tsallakawa da shi Nijeriya, amma a tukunyarmu ya zama ado, ƙwaya goma a cikin kwanon shinkafa. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da harza wajen giram 11, kusan rabin abin da ake bukata a yini. A dafa shinkafa da wake rabi da rabi, ko a ci waken zalla da ɗan mai da yaji da albasa sau uku ko huɗu a mako. Ƙosai da alale suna da daɗi, amma an wanke ɓawon an zubar kafin a markaɗa. Ɗanwake ma yanzu a wurare da yawa suna ne kawai ya rage, fulawa da garin rogo sun cinye gurbin waken. Masu kukan wake na kumbura musu ciki su jiƙa shi tun dare, su zubar da ruwan, su dafa ya nuna luguf, su fara da ludayi ɗaya. Cikin mako biyu ciki yakan saba. Gujiya da gyaɗa da riɗi da aya duk suna bin bayansa.

Miya kuma a daina yi mata kallon abin shafa wa loma. Miyar kuka mai kauri, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, lalo, yakuwa, a zuba da yawa a sha ragowar. Kwaɗon zogale ko rama ko tafasa ko yaɗiya da ƙuli-ƙuli, da dambu mai ganye fiye da tsaki, su ne abincin da matan ƙauye ke ci da hantsi maza na raina su, kuma su ne maganin da mazan ke zuwa kasuwa nema. Da damina ganye ko'ina, kyauta. Wahalar a rani take, shi ya sa ake shanya shi tun kaka, a inuwa, a adana. Daga sanyi zuwa bazara kuma fadamun Korama na fitar da kabeji da salati da karas da tumatir da kabewa da dankali. Kayan da ake ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta sosai, kada a gudu daga tauri a faɗa zawo.

Ƴaƴan itace kowane lokaci da nasa. Mangwaro da bazara, gwaiba, gwanda, kankana, dabino, sai na daji da yara suka fi mu sani: magarya, kanya, ɗinya, goruba, aduwa, da garin ƴaƴan kuka da ake damawa a fura ko nono. Yankan gwanda nunanna da safe yana yi wa mutane da yawa aiki. Jiƙon tsamiya ma yana sassauta ciki a hankali. Lemu a ci shi da totuwarsa, wanda ya tsotse ruwan ya yar da sauran ya yar da abin da ya zo nema. Rake ba ya cikin lissafi, don harzarsa a ƙasa ake tofar da ita. Lemun kwalba kuwa ruwan sukari ne mai kala. A kuma hana yara haɗiye ƙwallayen magarya da kanya da yawa, suna iya taruwa su toshe hanya.

Ruwa

Duk wannan in babu ruwa aikin banza ne, har ma yana iya ƙara cushe ciki. Harza kamar garin rogo take, sai ta sha ruwa take kumbura ta yi laushi. Mai zaman inuwa yana bukatar kamar lita biyu a yini, wato ruwan leda huɗu ke nan. Manomi mai sharar gona a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nasa ya ninka haka. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ka sha isasshe. In ya yi ja kamar shayi, jikinka ya riga ya fara kwashe ruwan hanji. Kawu na cewa ai yana shan shayi sau uku a rana. Ƴan kofunan nan uku in an juye su wuri ɗaya ba su cika moɗa ba. Fura da kunu da nono suna cikin lissafi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda wanda likita ya ƙayyade wa ruwa, shi ya bi maganar likitansa.

Da azumi abin yakan tsananta. A raba shan ruwa tsakanin magariba da asuba, kada a tara shi duka a sahur, a sa dabino da kunu da ɗan wake ko ganye a buɗa-baki maimakon soye-soye zalla.

Kada a juya tukunya rana ɗaya. Wanda ya tashi daga taliya ya faɗa kwanon wake da kwaɗo yini guda zai kwana da ƙugin ciki ya rantse ba zai sake ba. A ƙara abu ɗaya, bayan kwana uku a ƙara wani. Wasu kan ga canji cikin kwanaki, wasu sai mako uku ko huɗu. Kawu ya ɗauki kamar kwana goma, kuma har yau cewa yake jiƙon tsamiyar ne ya yi aiki, ba tuwon ba. Ban yi gardama da shi ba.

Hanji yana da lokacinsa. Ya fi motsi da safe bayan an karya, musamman da abu mai ɗumi kamar koko ko kunu. A ba shi wannan lokacin kullum, ko ba a ji ba, minti biyar zuwa goma, ba tare da yunƙuri ba. In bai zo ba a tashi, ya zo gobe. In kuma ya zo a wani lokaci kada a danne, don duk dannewa ƙarin shanya ce ga tubalin. Nan ne matan gidajen da babu shadda suke cutuwa, masu jiran duhu kafin su fita bayan gari, wasu har suna rage cin abinci da shan ruwa da rana don kada ta kama su. Haka ƴan makaranta, da direbobi, da masu kabu-kabu, da tela da ke wuni kan keke. Haƙa masai a gida yana cikin maganin taurin bayan gida ko da ba a sayar da shi a farmasi. Tsugunon da muka gada kuwa ya fi zaman kujera, don yana miƙar da ƙarshen hanji. Mai masai na zama ya sa ƴar kujera ƙarƙashin ƙafafu gwiwoyi su ɗara ƙugu. Tsofaffi kuma su riƙa takawa, ko da zuwa masallaci ne da dawowa ta doguwar hanya.

Wani lokaci tukunya ba ta da laifi, laifin na ƙwaya ne. Tramol da samari ke sha don aikin ƙarfi, da maganin tari mai kodin, suna kwantar da hanji sosai. Haka maganin tsayar da zawo in an zarce, da wasu magungunan gyambon ciki masu kama da alli, da wasu na hawan jini. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo ita ma tana taurara bayan gida ta mai da shi baƙi. Kada mai ciki ta daina sha saboda haka, don ƙarancin jini ya fi tauri haɗari nesa. Ta faɗa wa ungozoma, ta ƙara ruwa da ganye. Ta kuma bar cin farar ƙasa, wadda ke cushe ciki ta kuma hana jiki amfana da ƙwayar.

Sai maganar wankin ciki. Filasko da ɗan'uwansa sanamaki na shagunan maganin Musulunci suna aiki da gaske, har ƙwayoyin asibiti ake yi da irin ganyen. Sukan motsa hanji bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Matsalar ita ce awo: tafin hannun wani ba na wani ba ne, kuma jiƙon da ya yi ƙarfi yana kawo murɗa da zawon da ke zuƙe tsoho cikin dare ɗaya. Sau ɗaya ko biyu ga baligi mai lafiya ba komai. Amma wanda ya mai da shi na kowane mako yana rufe ido ne a kan dalilin ciwon. Kanwa kuwa gishirinta yawa gare shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini da mai jego su yi hankali da ita. Man zurma ba na mai ciki ba ne, yana iya tayar da naƙuda. Kwalbar kasuwa da ba a san abin da ke ciki ba, ni dai ba zan ba nawa ba. In ana bukatar magani, farmasi na da masu sauƙi irin su Duphalac da Forlax, masu jawo ruwa cikin hanji, da ƴar matsin gilisarin. A tambayi ma'aikacin lafiya awon da ya dace.

Yara nasu daban ne. Jaririn da ke shan nono zalla, bayan ya wuce mako shida, yana iya kwana biyar har mako bai yi kashi ba, kuma lafiyarsa lau, in dai yana tsotso, cikinsa da laushi, kuma in ya yi mai laushi ne. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko bauri kafin wata shida. Kada a tura masa sabulu ko a yi masa ɗurin ruwan magani ta dubura. Bayan wata shida a ba shi gwanda ko mangwaro ko kabewa da aka dama, da ruwa mai tsabta. Dabarar hatsi mai fata ba ta yaro ƙasa da shekara biyu ba ce, cikinsa ƙarami ne, kunu mai gyaɗa da mai yake bukata wanda zai ƙara masa nauyi. A yankin da tamowa ta sa ƙungiyar MSF take aiki a Magarya tun 2005, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaro mai wayo kuma da ya taɓa jin zafi yakan riƙa matsewa yana ɓuya bayan ɗaki, har wani ruwa-ruwa ya riƙa ɓata masa wando. Ba iskanci ba ne, duka ba ya gyara shi. A kai shi a duba.

Ranar da ba a jira

Wani maƙwabcinmu, magidanci mai ƙarfi, yana da ƙaba a matsematsi shekara da shekaru, in ta fito ya kwanta ya mayar. Wata rana ta fito ta ƙi komawa. Bayan gida ya tsaya, ciki ya fara tashi. Aka ce basir ne, aka jiƙa filasko. Ya amayar, aka sake jiƙawa. Sai a kwana na uku, da cikin ya yi kamar ganga, aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya. Ya rayu, amma sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa da ya riga ya mutu. Tambaya ɗaya da an yi masa tun daren farko da ta raba gardama: yana fitar da iska? Wanda ba ya kashi, ba ya tusa, cikinsa na kumbura, yana amai, musamman amai kore ko mai wari, hanjinsa ne ya toshe ko ya murɗe. Murɗewar babban hanji ba baƙuwa ba ce a Afirka, ta fi kama maza manya. Wannan ba a ba shi abinci, ba a ba shi wankin ciki, ba a jira gari ya waye. A nufi likita mafi kusa a nemi a tura shi inda ake tiyata, asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram.

Haka in taurin ya zo da zazzaɓi na kwanaki da ciwon kai da ciwon ciki. Taifot a manya takan fara da tauri, ba zawo ba, kuma in aka bar ta tana iya huda hanji a mako na uku. Ciki mai tauri kamar katako da ba ya son a taɓa, jini mai yawa, kashi baƙi mai danƙo kamar kwalta ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, ko taurin da ya zo tare da mutuwar ƙafafu da tsayawar fitsari, duk na ranar ne. Jaririn da ya kwana biyu da haihuwa bai yi baƙin kashin farko ba, shi ma a ranar za a kai shi, a duba ko hanyar a buɗe take. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin ganin likita a Nijar, don haka kada tunanin kuɗin kati ya sa a kwana.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu ba ne amma ba na bari ba, a je cikin makon. Wanda ya gyara abinci da ruwa mako uku zuwa huɗu bai ga canji ba. Wanda ya wuce shekara 45 ko 50 kuma bayan gidansa ya canza haka kawai, ko yana tauri yau zawo gobe. Wanda ke ramewa ba dalili, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana jin ƙullutu a ciki. Da duk wanda ya ga jini, ko ɗigo ne. Gaskiya ne yawancin jan jini bayan kashi mai tauri daga basir ne ko tsagewar bakin dubura. Amma sankarar hanji ma da haka take sallama, kuma kalmar basir ta sa mutane da yawa sun yi shekara suna shan jiƙo kafin a gano ta. Ciwon sukari da raunin ƙullin maƙogwaro ma suna kawo tauri, gwajin jini ke nuna su. Tsohon da ke kwance, wanda ya daɗe bai yi ba sai ga zawo na tsiyaya, sau da yawa dunƙule ne ya toshe ruwa ke bi ta gefe. In aka ba shi maganin tsayar da zawo an ƙara masa.

In an je, kada a ce wa ma'aikacin lafiya "basir ne" a yi shiru. A faɗa masa kwana nawa rabonka da yi, yaya kamanninsa, da jini ko babu, jinin a kan kashin yake ko a gauraye, kana fitar da iska ko a'a, ka rame ko ba ka rame ba. A tafi da kwalin duk ƙwayar da ake sha, har da kwalbar kasuwa da ƙullin jiƙo, har da tramol in ana sha. Mace na iya neman mace ta duba ta. In ya sa safar hannu ya ce a kwanta a gefen hagu zai duba da yatsa, a kwanta. Abin bai kai minti ɗaya ba, kuma da shi ake bambanta basir da tsagewa da dunƙulen kashi da ƙari.